Kujerar Sanata Ba Gadon Gidan Kowa Ba Ce

Jiya a wajen ɗaurin aure a Ajingi wani dattijo ya ce wai mu mutanen Gaya da Ajingi mun ci amanar ɗanmu a zaɓen 2023. Na yi shiru don girmansa, amma a nan zan ba da amsa.

Sanata Kabiru Gaya ya yi gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993 a NRC. Kano ta Kudu ta tura shi Majalisar Dattawa a 2007, ta maimaita a 2011, 2015 da 2019. Shekara 16 cur! Jama'a, wace amana kuma ta rage?

Ban ce bai yi komai ba. Amma ƙuri'a bashi ce, ba sadaka ba. Kawu Sumaila ya kayar da shi a NNPP, sai ga shi a 2025 ya koma APC ɗin da aka ƙi. To, shi ma 2027 na jiransa. Mudun da muka auna ɗan gida da shi, da shi za mu auna ɗan Sumaila: ruwan sha, magani a asibiti, hanyar kai amfanin gona kasuwa.

Mai ja da ni ya kawo lissafin aiki, ba hoton taro ba.