Mu Kai Yaranmu Su Ga Ruwan Wli

Jama'ar Zango, ruwa mai gudu da yawancin yaran Nima da Maamobi suka sani shi ne na babbar kwata. Alhali ga mafaɗar ruwan Wli kusa da Hohoe, wadda ta fi kowace tsawo a Ghana. Daga ƙauyen zuwa gindinta tafiyar minti 45 ce a inuwar kurmi, ana haye ƙananan gadoji; yaro da dattijo duk sa iya.

Wasu iyaye na kiran wannan yawon banza. A'a, gani ya kori ji: yaron da ya ga ikon Allah da idonsa ya fi riƙe karatun allonsa. Mu haɗa kuɗin mota bayan Sallah, amma a guji ranar hadari. Faɗuwar bishiya ta hallaka ɗalibai a mafaɗar Kintampo a 2017. Allah Ya tsare.