Ƙarin Maki a Rajistar Intanet: Ɗalibi Ake Aunawa ko Shabaka?



Mu 'yan ajin ƙarshe muna da magana a kan wani ɗan gurbi da ke cikin rajistar makinmu ta intanet, wanda aka sa wa suna "ƙarin maki". Ba shi da girma, maki 5 ne kacal a kowane darasi. Amma bana shi ne ya raba wasu da suka haye da wasu da suka faɗi, don haka muka ga ya cancanci a yi maganarsa a fili, a wannan ɗan littafi da kowa zai karanta, maimakon gunaguni a bayan fage.

Kowa ya san yadda muka tsinci kanmu a karatun waya. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe makarantu a Khartum da Omdurman, ajinmu ya watse kamar an jefa dutse cikin tsaki. Wasu sun tsaya a Karari, wasu sun nufi Gadarif da Kasala da Bur Sudan, wasu wajen dangi a Mai Wurno, wasu Masar, akwai ma waɗanda sai Kano. Jarrabawar Shahada Sudaniyya ta 2023 kanta ba a yi ta ba sai ƙarshen Disamba 2024. A cikin wannan hali malamanmu suka riƙe mu da saƙon murya a WhatsApp, suka buɗe rajista a intanet inda kowa zai ga makinsa duk inda yake. Allah ya saka musu da alheri. Maganarmu ba butulci ba ce, ɗa ne ke gaya wa ubansa inda takalmi ke matsa masa.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki, don iyayen da ba su taɓa buɗe rajistar ba. Makin darasi 100 ne: gwaji, aikin gida, da jarrabawar ƙarshe. Wanda ya kai 50 ya haye. Shi ƙarin maki ana ɗora shi a kan abin da ɗalibi ya samu, amma ba a ƙara shi a kan ɗarin nan. Haka yake a manhajoji irin su Moodle da jami'o'i da yawa ke amfani da ita: malami ya danna alama ɗaya a gefen aiki, shi ke nan aikin ya zama na kyauta, wanda ya yi ya ƙaru, wanda bai yi ba bai ragu ba. A ido, babu wanda aka cuta. To amma a ɗauki ɗalibai biyu a Nahawu. Ɗaya ya samu 47, aka ba shi ƙarin 5, ya zama 52. Ɗayan ya samu 49, ba shi da ƙari. Wanda ya fi sanin fa'ili da maf'uli shi ne zai maimaita darasin. Injin bai yi kuskuren lissafi ba. Abin tambaya shi ne, da me aka samu biyar ɗin?

Da sauri aka same su, nan ne gizo ke saƙa. A kan jefa tambaya a zauren aji bayan Isha, mutum biyar na farko da suka amsa su kwashe makin. Ko kuma a ce duk wanda ya shiga darasin kai tsaye daga farko har ƙarshe bai yanke ba yana da ƙari. Wa zai iya wannan? Wanda ke Alƙahira da intanet a gida, ko wanda gidansu ke da sola. Ɗalibin da ke unguwar da wuta ke kwana uku ba ta leƙo ba, sai ya kai wayarsa caji kasuwa tukuna. Ba mu manta da Fabrairun 2024 ba, lokacin da Zain da Sudani da MTN suka ɗauke gaba ɗaya, mutane na biyan kuɗin awa a wajen masu Starlink don kawai su ji ko danginsu na raye. A irin wannan rana wa zai kashe awarsa a kan tseren tambaya? Sannan ga 'yan uwanmu mata, da yawansu wayar gidan guda ce, tana aljihun baba, sai ya dawo da dare. Kafin ta karɓa ta buɗe, mutum biyar sun riga sun amsa, har an yi musu barka. Wallahi a cikinsu akwai waɗanda in aka zauna gaba da gaba, ba mai kama ƙafarsu a i'irabi.

Mun san dalilin malamai, kuma dalili ne mai ƙarfi. Aji a waya mutuwa yake yi. Malam ya yi bayani na minti ashirin, ya aiko, shiru kamar an shuka dusa. Ƙarin makin nan shi ya tayar da mutane, har waɗanda suka ɓace wata da watanni suka dawo. Wani malaminmu kan kwatanta shi da nafila, wadda ya zo a hadisi cewa da ita ake cike giɓin farilla ranar hisabi. Kwatancin ya yi mana daɗi, shi ya sa za mu bi shi har ƙarshe. Ƙofar nafila a buɗe take ga kowa, talaka da mai kuɗi, ba ta neman data, ba a kuma ce mutum biyar na farko kaɗai za a karɓa wa ba. Sa'annan duk wanda ya karanta Ahlari ya san cewa wanda ake bi bashin sallolin farilla ba a bar shi ya shagala da nafila ba, sai 'yan kaɗan da aka keɓe. Ramuwa ce a gabansa. Ɗalibin da ya samu 47 bashin Nahawu ke kansa. Abin da zai amfane shi a zaunar da shi ya biya bashin, ba a lulluɓe masa giɓin da saurin yatsa ba.

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A Pakistan an daɗe ana ƙara wa mahaddata Alƙur'ani maki 20 wajen neman shiga manyan makarantu, a da har da na likitanci. A 2022 Kotun Ƙolin ƙasar ta tambayi dalilin hakan. Mu da muka tashi da allo a hannu ba za mu raina hadda ba, Allah ya kiyaye, darajarta ta fi maki 20 nesa ba kusa ba. Amma tambayar tana kan hanya: mara lafiyan da zai kwanta gaban likita, abin da yake bukata shi ne makin likitanci ya zama na likitanci ne. Idan har hadda da girmanta ana iya tambaya a kanta, ina ga saurin danna waya?

Maki shaida ce. In malami ya rubuta 52 gaban sunanka a Nahawu, ya shaida ne cewa ka san fiye da rabin abin da aka karantar. Da wannan takarda wasunmu za su nemi ci gaba, wani burinsa Jami'ar Musulunci ta Omdurman, wadda tushenta Ma'ahadin Ilimi ne na 1912, wani Jami'ar Ifriƙiya a Khartum, inda 'yan uwanmu daga Najeriya da Nijar suka daɗe suna zuwa. Wasu kuma za su koma unguwa a ba su ƙananan yara su karantar. A can ba mai tambayar ƙarfe nawa ka amsa saƙo. Littafi za a buɗe maka a ce bismillah. A halwa, kamar yadda yake a makarantar allo ta ƙasar Hausa, ba a wanke wa yaro allo don ya riga kowa zuwa da asuba. Sai ya biya, malam ya ji daidai, sannan a ce je ka wanke.

Ba cewa muke a soke ƙarin maki ba. Muna roƙon a faɗe shi tun farkon zango, kowa ya san aikin da ke kawo shi, kuma a ba da mako guda cur don wanda shabaka ta juya wa baya ya samu dama. A karɓa ta murya, a karɓa ta hoton takarda da aka rubuta da hannu, a karɓa ko da ta wayar maƙwabci aka aiko. Aikin ya zama daga cikin darasin: i'irabin ayoyi biyu, taƙaita babi, ko koya wa wanda ya rasa darasi saboda gudun hijira. Abu mafi muhimmanci a wurinmu shi ne a bar shi a gurbinsa daban, ya ɗaga wanda ya riga ya haye, amma kada ya tsallakar da kowa layin 50. Masu saurin amsa kuwa, sun raya mana aji, haƙƙinsu ne a yaba musu. A ba su kyautar littafi ranar walima, a kira sunansu gaban iyaye, za mu tafa musu da zuciya ɗaya.

Saura na bana. Akwai 'yan ajinmu da makinsu ya tsaya tsakanin 45 da 49, da kuma waɗanda ƙarin ne ya haye da su. Ba ma neman a ƙwace wa kowa abin da aka riga aka rubuta masa. Muna roƙon shugaban makaranta ya sa rana ɗaya kafin a buga takardun shaida, a yi wa waɗanda suka tsaya a bakin layi jarrabawar baka, wanda ke kusa ya zo, wanda ke nesa a kira shi a lokacin da ya ce yana da caji.