Hajar da ta yi shekara 34 a ajiye kafin kasuwa ta neme ta

Jama'a ƴan kasuwa, maza da mata, yau labarinmu daga birnin Detroit na Amurka yake. Na kiɗa ne, amma duk mai kasa kaya zai gane shi.

Wasu ƴan'uwa uku baƙar fata, David da Bobby da Dannis Hackney, sun kafa ƙungiyar kiɗa a 1971. Birninsu ya yi suna da Motown, kiɗa mai taushi na rawa da soyayya, shi ne kuma abin da ake jira daga baƙar fata. Su kuwa sai suka ɗauki wata hanya: gita mai amo, ganga mai gudu, murya mai zafi. Irin wannan kiɗa ne daga baya aka kira punk, mafi saurinsa kuma hardcore. Sun yi shi tun kafin faifan Ramones na farko ya fito a 1976.

David, wanda ke jagorancinsu, ya raɗa wa ƙungiyar suna Death, wato Mutuwa, bayan mahaifinsu ya rasu a hatsarin mota. A 1975 suka ɗauki waƙoƙi 7 a United Sound Studios. Clive Davis, babban dillalin faifai na lokacin, ya so kayan, amma da sharaɗi: su sake suna. David ya ƙi. Ciniki ya watse.

A 1976 suka buga ƙaramin faifai guda 500 da kansu. Gidajen rediyo ba su kula ba. A 1977 ƙungiyar ta tsaya. David ya rasu a 2000 da ciwon dajin huhu, amma kafin nan ya damƙa wa Bobby ainihin zaren da aka ɗauki waƙoƙin, ya ce ya adana, duniya za ta zo nema.

Ta kuwa zo. A 2008 ƴaƴan Bobby suka tarar masu tara tsoffin fayafai na farautar faifan ubansu. A 2009 kamfanin Drag City ya fitar da waƙoƙin 7, a 2012 aka yi fim a kansu.

To, mene ne ra'ayinmu? Batun suna, ana iya gardama. Suna linzami ne, kuma mai sayar da fura ba za ta kira hajarta da sunan da zai kori mai saye ba. Taurin kan David ya hana ƴan'uwansa ci a lokacin da suke bukata, shi kansa bai ga ranar ba. Ba za mu ce wa kowa ya yi koyi da hakan ido rufe ba.

Amma batun ajiya ba gardama. Da zaren nan ya ɓata, ko an sayar da shi don cefanen kwana biyu, da babu abin da za a fitar a 2009. Kasuwa ta ƙi kaya yau, ba ya nufin kayan ne marasa kyau. Wani lokaci mai sayen ne bai iso ba.

Mu ma mun ga haka a gida. Mamman Sani ya ɗauki kiɗan molon lantarkinsa na organ a kaset a 1978, sai a 2013 Sahel Sounds ya sake fitar da shi, duniya ta ji. Kaset nawa irinsa ke cikin kwali a shagunan Maraɗi, Damagaram da Tawa, zafi da ƙura na cin su? Mu da ke aikin rediyo mun san yadda zare ke maƙalewa ya tsinke idan ya daɗe.

Don haka Alhaji mai shago, Hajiya mai akwatin gado, kafin ku zubar da tsoffin kaset don waya ta zo, ku duba sunan da ke jiki. Ku sa su inuwa, nesa da laima, ku nemi wanda zai juye su a kwamfuta, ku kuma sanar da iyalan mawaƙin, don haƙƙinsu ne.