Kwamfuta guda, shago uku

Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san ranar da takardar canjin wurin aiki ke isowa: ma'aikaci ya ɗaure kayansa ya nufi Keita ko Madawa, abin da ya sani kuma ya bi shi. Wannan ne ya sa yau za mu duba wata dabara ta masu na'ura.

Kwamfuta guda tana iya ɗaukar waɗansu kwamfutoci a cikinta, waɗanda ba ƙarfe ba ne, tsari ne kawai, kamar yadda mai gida ke yanka fili guda ya fitar da shaguna, kowane da ƙofarsa da makullinsa. Abin ya daɗe: kamfanin IBM ya fito da VM/370 tun 1972.

Mu ɗauka biron ƙaramar hukumar Tama, cikin gundumar Buza, na'ura guda gare shi mai ƙarfi. Sai a raba ta uku: ta takardun haihuwa, ta haraji, ta wasiƙu. In cuta ta kama ta wasiƙu, da wuya ta tsallaka ga sauran.

To, wa ke riƙe da wannan rabo? Nan ne gizo ke saƙar. A tsarin OpenBSD, ɗaya daga cikin zuriyar Unix da aka ƙirƙiro a Amurka a 1969, ana rubuta komi cikin ɗan fayil mai suna vm.conf: sunan kowace na'ura, yawan ƙwaƙwalwar da aka ba ta, inda faifanta yake, wanda ke da izinin kunna ta, da ko za ta tashi da kanta. Rubutu ne tsantsa, ana iya buga shi a takarda a sa cikin durowa. Wuta ta ɗauke ta dawo (wa ya manta 2023, da Najeriya ta yanke mana lantarki?), na'ura ta karanta fayil, kowane shago ya buɗe yadda yake jiya. Sabon ma'aikaci kuma ba sai ya yi ta neman na da a waya ba.

Sai dai fa fayil ɗin fasalin shaguna ne, hajar ba ta ciki. Ranar da ƙura da zafin bazara suka kashe uwar na'urar, duka ukun sun tafi tare. Don haka a riƙa kwafe faifan kowace duk mako, tare da fayil ɗin, a ajiye su a wani ɗaki dabam.