Ba asiri ba ne, gajiya ce

A wannan makon za mu taɓo wani kuskure da mu kanmu muke ɗaure wa gindi. Yaro zai yi wata goma yana ɗan taɓa atisaye sama-sama, gasa ta rage kwana ashirin sai mu matsa masa da gudu da ɗaga ƙarfe safe da yamma. Ranar shiga fage ƙafa ta yi nauyi, a buga shi da ƙasa, mu koma gida muna cewa an yi masa asiri.

Mu dubi kokawar Takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tahoua a 1975. Jihohi takwas ke haɗuwa, a yi kwana goma ana karawa, kuma a 'yan shekarun nan a ƙarshen Disamba ake yin ta. Ke nan kowa ya san ranar tun da wuri. Me zai hana a yi lissafi daga ranar zuwa baya?

Magabata sun yi hakan ba tare da takarda ba. Da damina fartanya ce ke gina ƙugu da numfashi. Da kaka, abinci ya wadata, sai a shiga karawa ƙauye-ƙauye ana goge dabara. Abin da Matveyev, masanin Tarayyar Sobiyat, ya tsara a shekarun 1960 bai yi nisa da wannan ba: a fara da aiki mai yawa marar zafi, a koma kaɗan mai zafi, sannan a sassauta.

Sassautawar ce ke ba mu tsoro. Mako biyun ƙarshe ana rage yawan atisaye da kusan rabi, amma ba a rage zafinsa. Jiki ba ya ƙara ƙarfi lokacin da ake wahalar da shi, sai lokacin da yake murmurewa. Mu kuwa da mun ga ɗan wasa a inuwa ana gobe gasa, sai mu kira shi rago.

Akwai kuma maganar kuɗi, ba za mu ɓoye ta ba. Ɗan kokawa ko ɗan dambe da ke ci da wasan mako-mako ba zai iya ƙin kowace gayyata ba. Amma yana iya ware gasa ɗaya ko biyu a shekara, ya bar gayyatar da ta faɗo cikin mako biyun da ke gabansu ta wuce. Masu horarwa da ke cikinmu, ku gaya mana: wa ya taɓa gwada wannan, kuma me ya gani?