Miyar Wake Ba Abin Kunya Ba Ce

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da ta shige mu wadda ya kamata mu dube ta da idon basira. Da zarar ɗayanmu ya sami takardar shaida ya kama ɗakin haya, sai ya mai da wake abincin fursuna, ya koma wa taliyar leda da kifin gwangwani. Kafin wata ya raba albashi ya ƙare, jiki kuwa bai ƙaru da kome ba.

Mun san asalin wannan ƙiyayya, wato waken nan mai ƙwari da tsakuwa da aka yi ta ɗura mana a makarantun kwana. To, amma ai laifin mai dafawa ne, ba na wake ba.

Ga shi kuwa duk duniya ba ƙasar da ta kai Nijeriya noman irin waken nan namu, Nijar ke biye mata, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarsa sinadarin gina jiki ne. Su Turawan da muke kwaikwayo ba su raina wake ba. A ɗakin cin abinci na Majalisar Dattawan Amurka, tun farkon ƙarni na 20 miyar wake ta zama al'ada. Su da ƙyafaffen naman alade suke haɗa tasu. Mu kuwa Allah ya hore mana banda da busasshen kifi da ƙashin sa, ga daddawa wadda ba su da ita.

Aikin ma bai taka kara ya karya ba. A jiƙa farin wake gwangwani biyu, a murje ɓawon a wanke, a ɗora tare da ƙashi da 'yar kanwa kaɗan, don in ta yi yawa takan ɓata ɗanɗano. In ya nuna luguf a tsame ƙashin, a burge waken da maburgi, a zuba jajjagen tattasai da attaruhu da albasa, da daddawa da manja da gishiri, sa'an nan bandar. A rage wuta, a riƙa motsawa, gama miyar wake ba ta da wuyar kamu.

Masu cewa dafuwa aikin mata ne, muna tambayarsu: wa zai dafa wa gwauron da aka tura aiki ƙauye? Tukunya guda ta ishi abokan ɗaki uku, da tuwon shinkafa da dare, da ɗumame da safe.