Mujallar African Affairs: Mu Gaskata Ta, Ko Mu Yi Hattara?

Cikin takardun da Turawa su ke bugawa a kan al'amuran Afirka, kaɗan ne su ka kai African Affairs daɗewa da kwarjini. Sau huɗu ta ke fitowa a shekara, ma'aikatar ɗab'i ta Jami'ar Okusfod ce kuwa ke buga ta. Waɗansu daga cikinmu, in sun ga magana a cikinta, sai su ce shi ke nan, an yanke hukunci. Waɗansu kuma ko taɓa ta ba su yi, wai ai bakin masu mulkin mallaka ce. Mu dai a ganinmu dukansu biyu sun yi gaggawa.

Bari mu fara da asalinta, don ruwa ba ya tsami banza. A 1901 aka kafa wata jam'iyya a Landan mai suna African Society, domin tunawa da Mary Kingsley, wata Baturiya da ta yi yawo a Afirka ta Yamma, ta rasu a 1900 tana jinyar fursunonin yaƙi a Afirka ta Kudu. Jam'iyyar nan ita ta soma buga mujallar. A 1935 aka ƙara wa sunanta Royal, watau ta sami albarkar gidan sarautar Ingila, a 1944 kuma mujallar ta ɗauki sunan da mu ka san ta da shi. To, su wane ne su ka riƙa rubutu a ciki a zamanin farko? Galibinsu gwamnoni ne, da razdanoni, da hafsoshin soja, da 'yan kasuwa, da 'yan mishan. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, an san abin da zai yi masa. Ba mu ce maƙaryata ba ne. Amma mutumin da aikinsa karɓar haraji ne, in ya zauna rubutu a kan wata ƙasa, abin da zai tambaya shi ne yadda za a mallake ta cikin sauƙi. Ko mutanenta sun yarda a mallake su, wannan ba ta cikin lissafinsa.

Ga misali daga gida. H. R. Palmer, wanda ya tsaya wa Muhammadu Dikko har ya hau gadon sarautar Katsina, daga baya kuma ya shugabanci Lardunan Arewa daga 1925 zuwa 1930, ya buga fassarar littafin Raulatul Afkari a mujallar nan a 1916. Lalle ya yi aiki, gama ta hanyarsa ne mutane da yawa waɗanda ba su jin Larabci su ka fara sanin labarin sarakunan Gobir da yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa da ke cikin littafin. Sai dai ya jingina shi ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, alhali kuwa masu bincike na baya sun tabbatar na Abdulƙadir ɗan Mustafa ne, wanda a ke kira Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen uwa. Wanda ya kwafe wannan daga mujallar ba tare da ya tuntuɓi malaman Sakkwato ba, ya kwafi kure, ya kuma koya wa yara shi. Palmer ɗin nan kuma yana da wata al'ada, kome ya gani na wayewa a ƙasashen nan sai ya nemo masa asali daga gabas ko arewa, har ya kan haɗa sunaye biyu don kawai sun yi kama a kunne. Irin wannan karkata ta fi ƙarya wuyar ganewa, don tana tafe ne da rigar ilmi.

Duk da haka kada mu zalunce ta. Tun a 1903 ta buga jawabin Edward Blyden, baƙar fata masani, wanda ya yi ta kāre mutuncin mutanen Afirka a gaban Turawa. Kuma abin da marubutanta su ka gani da idonsu, ko su ka ƙidaya, kamar farashin kaya da hanyoyin fatake da ranakun da abubuwa su ka auku, sau da yawa ba a samunsa a wani wuri.

Yau fa? Razdanoni sun tafi, malaman jami'a su ka gaje su. Ba a buga maƙala sai waɗansu masana sun duba ta ba tare da sun san mai ita ba, wannan kuwa kariya ce babba. Ba za mu iya cewa mujallar tana bayan wata jam'iyyar siyasa ko wata gwamnati ba. Karkatar ta koma wani wuri ne. A 2016 ita da kanta ta buga binciken Ryan Briggs da Scott Weathers, waɗanda su ka duba abin da aka buga a cikinta da wata takwararta daga 1993 zuwa 2013. Su ka tarar rabon marubutan da ke zaune a Afirka raguwa ya yi, ko da ya ke maƙalun da su ke aikawa ƙaruwa su ka yi. Mun yaba mata da ta tona wannan a kanta, ba kowace takarda za ta yarda ba. Amma yabo bai share abin da aka gano ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ga shi kuwa masu waƙar su ne a ke ƙara barinsu a ƙofa.

Saboda haka mu da za mu fita mu tsaya gaban aji, in mun ɗauko maƙala daga cikinta, mu fara duba shekarar, mu duba mai rubutun da muƙamin da ya ke riƙe da shi a lokacin, sa'an nan mu duba wa ya tambaya, da wane harshe kuma. In ya yi magana a kan Kano ko Borno amma bai ambaci littafin Larabci ko na Ajami ko ɗaya ba, bai kuwa zauna da dattijo ko ɗaya ba, to, mu karɓi lissafinsa, mu ajiye hukuncinsa sai mun ji ta bakin mutanen wurin.